Masu shirin LSAT, ku daina gardama da dalilan da aka ba ku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a jaridarka don matasanmu masu burin karatun lauya a Amurka ko Kanada, inda makarantu da yawa ke neman sakamakon jarrabawar LSAT. Tun watan Agusta na 2024 aka cire sashen wasannin mantiƙi, ya zama biyu daga cikin sassa uku da ake ba wa maki duk na tantance hujja ne. Kowane sashe minti 35, tambayoyi wajen 25, wato kowace tambaya ba ta kai minti ɗaya da rabi ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ɗalibi mai ƙoƙari ke ɓata wannan ɗan lokaci yana ja da dalilan da aka kawo, wai ai ba gaskiya ba ne. Ba wanda ya tambaye shi wannan. A ɗauki dalilan yadda suke, a fara gano natija, wato abin da mai hujjar ke son tabbatarwa, sannan a duba ko sun isa su ɗauke ta. Ɓarakar tana tsakani.

Wadda ta fi cin mutane ita ce ta sharaɗi, kuma duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san ta. Salla ba ta inganta sai da tsarki. Wanda ba shi da tsarki, sallarsa ba ta yi ba, wannan daidai. Amma a ce wane ya yi alwala, don haka sallarsa ta inganta, an yi kuskure, domin akwai lokaci, akwai alƙibla. Rashin sharaɗi yana kore abu, samuwarsa kuwa ba ta tabbatar da shi. A jarrabawar, da zarar an ga "only if", wato "sai idan", abin da ya biyo baya sharaɗi ne kawai, kada a juya shi.

Sai ta sanadi. Za a ce unguwannin da 'yan sanda suka fi yawa su ne aka fi yin sata, saboda haka 'yan sanda ke jawo sata. To, idan satar ce ta sa aka turo su fa? Ko cunkoson kasuwa ne ya jawo duka biyun?

Kaso da adadi ma kan rikita. Shagon da rabonsa ya sauko daga kashi 40 zuwa 30 cikin ɗari bai zama lalle cinikinsa ya ragu ba: idan masu saye a kasuwar baki ɗaya sun tashi daga 100 zuwa 200, nasa sun tashi daga 40 zuwa 60.

Cikin amsoshi biyar da ake ba da zaɓi a kowace tambaya, sau da yawa akwai wadda ta ambaci kuskure na gaske wanda mai hujjar bai yi ba. A koma ga rubutun, a ɗora yatsa kan jimlar da ya yi shi. In babu, a soke ta. Kuma kada a bar gurbi fanko, ba a rage maki don amsa ta kuskure.

Wassalam,
Wani malamin mantiƙi, Zariya