Makaɗan Rok: Ba Ƙwaya da Giya Kaɗai Ne Labarinsu Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da aiki, kai da sauran ma'aikatan wannan gidan rediyo.

Na saurari shirinku na makon jiya a kan makaɗan rok na Turai da Amurka. Abin da kuka faɗa ba ƙarya ba ne. Jimi Hendrix da Janis Joplin sun mutu a 1970, Jim Morrison a 1971, Kurt Cobain a 1994, kowannensu yana da shekara 27, kuma babu wanda ƙwaya ko giya ba ta shiga labarinsa ba. Ya kamata matasanmu su ji wannan. Amma tun daga farkon shirin har ƙarshensa kuɗin goro aka yi wa mutanen nan, har mai sauraro zai ɗauka duk wanda ya rataya jita sai ya ƙare a lalace. Ni malamin kimiyya ne a sakandare. Ɗalibaina suna jin ku, iyayensu ma suna jin ku, shi ya sa na kasa yin shiru.

Akwai mutum ɗaya da nake so ku ba shi shiri guda shi kaɗai: Brian May, makaɗin jita na ƙungiyar Queen ta Ingila, abokin aikin mawaƙin ƙungiyar, Freddie Mercury, wanda aka haifa a Zanzibar. An haifi May a 1947. Yana yaro iyayensa ba su da kuɗin saya masa jitar da yake so, sai shi da mahaifinsa, wanda injiniyan lantarki ne, suka zauna a 1963 suka fara ƙera ta da hannunsu. Wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki suka yanko shi, ramukan da ƙwari suka huda suka toshe da tsinken ashana. Suka ɗauko sifirin daga injin babur, suka ɗebo maɓallan riga daga akwatin ɗinkin mahaifiyarsa suka yi alamomin da ake ɗora yatsa. Kusan shekara biyu suna wannan aiki. Da wannan jitar ya yi suna a duniya, da ita yake kiɗa har yau, kuma da tsabar sisi yake kaɗa ta, irin sisin da dattawanmu suka kashe kafin zuwan naira.

Ya gama digirinsa na farko a fannin fiziks a Imperial College da ke Landan a 1968, ya shiga neman digirin digirgir a ilimin sararin samaniya. Abin da ya zaɓa ya bincika zai ba masu sauraronku sha'awa, domin abu ne da muka sani tun a makarantar zaure. Malamanmu na fiƙihu sun koya mana alfijir iri biyu ne: na gaskiya, wanda haskensa yake shimfiɗuwa a gabas, da na ƙarya, wanda yake miƙewa tsaye kafin shi, ba ya hana sahur, ba a kuma sallar asuba da shi. Masana sararin samaniya da yawa sun bayyana cewa wannan haske mai miƙewa hasken rana ne yake dukan wata ƙura mai laushi da ta bazu a tsakanin duniyoyin da ke kewaya rana. Wanda ya taɓa kwana a ƙauye, nesa da fitilun gari, a daren da babu wata kuma sama ta washe, mai yiwuwa ya gan shi da idonsa. To wannan ƙurar ce May ya je tsibirin Tenerife yana auna saurin tafiyarta a 1971 da 1972, ta hanyar lura da ɗan canjin da motsinta yake jawowa a hasken da take maidowa. Sakamakon farko ya fito a mujallar Nature a 1972, mujallar da farfesoshi da yawa suke yin ritaya ba su ga sunansu a cikinta ba. A waɗannan shekarun ma ya koyar da lissafi a wata sakandare a kudancin Landan.

A 1974 Queen ta fara tashe, sai ya ajiye binciken bai kammala ba. Mahaifinsa ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ni ban ga laifinsa ba. Duk uban da ya ga ɗansa ya kai bakin gaɓa sannan ya juya dole ransa ya sosu, kuma mafi yawan waɗanda suka bar karatu don kiɗa ba su samu ko kaɗan daga abin da May ya samu ba. Wannan ma ku faɗa wa yara.

Abin da ya sa nake girmama mutumin nan shi ne abin da ya yi bayan shekara talatin da ɗoriya. Yana da kuɗin da ba zai iya cinyewa ba, ga suna, babu mai tambayarsa takarda. A 2006 ya koma jami'ar ya sake rajista, ya tono tsofaffin takardunsa, ya karanta abin da aka rubuta a fannin tun bayan tafiyarsa. Ya miƙa kundinsa a watan Agusta 2007, ya zauna gaban masu jarrabawa kamar kowane ɗalibi, yana da shekara 60. Ba digirin girmamawa ba ne irin wanda ake rataya wa masu hannu da shuni a ranar bikin yaye ɗalibai, gyara ma sai da aka ba shi ya yi. Gemu dai ba ya hana ilimi. Daga 2008 zuwa 2013 shi ne uban Jami'ar Liverpool John Moores. Ya yi aiki da masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wajen haɗa hotunan duniyar Pluto a 2015, ya kuma taimaka wa ayarin da suka aika kumbo zuwa dutsen sararin samaniya mai suna Bennu, wanda samfurin ƙasarsa ya sauka a jihar Utah ta Amurka ranar 24 ga Satumba, 2023.

Ba shi kaɗai ba ne. Dexter Holland na ƙungiyar The Offspring ya kammala digirin digirgir a 2017 a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, bincikensa a kan ƙwayar cutar ƙanjamau. Bruce Dickinson na Iron Maiden ya yi shekaru yana tuƙa jirgin fasinja ƙirar Boeing 757 a kamfanin Astraeus. Peter Garrett na Midnight Oil ya zama ministan muhalli na Ostireliya a 2007, daga baya ministan ilimin makarantu. Cat Stevens kuwa, wanda jama'armu suka fi sani da Yusuf Islam, ya musulunta a 1977, ya kafa makarantar firamare ta Musulmi a Landan a 1983, kuma a 1998 ta shiga sahun makarantun Musulmi na farko da gwamnatin Birtaniya ta fara ɗaukar nauyinsu.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shirin bai leƙa maƙwabta ba. Ga Mdou Moctar, Ba'abzine daga Jamhuriyar Nijar, wanda a yau masu son rok a Amurka da Turai suke cika ɗakunan wasa don su ji shi. Shi ma da hannunsa ya ƙera jitarsa ta farko, da katako da wayar birkin keke, sai dai shi bai samu uban da zai riƙe masa katako ba, gidansu ba sa son kiɗan. A Sakkwato ya naɗi kundin waƙoƙinsa na farko a 2008, kuma ta katin memori na wayar hannu suka yaɗu a cikin Sahara kafin wani kamfani ya san da shi. Da harshen Tamashek yake waƙa, yana magana a kan yadda Faransa ta ci moriyar ƙasarsa, ƙasar da aka yi shekaru ana haƙar yuraniyom a Arlit amma ƙauyuka da yawa ba su da lantarki. An san shi da kashe abin da ya samu wajen haƙa rijiyoyi a ƙauyuka. Juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 ya same shi yana rangadin wasa a Amurka, shi da abokan kiɗansa suka maƙale a can na wani lokaci. Wannan labari ne na ƙofar gidanmu, amma sai a jaridun Turawa muke karanta shi.

Ba hukuncin kiɗa na zo tattaunawa ba, wannan fagen malamai ne, kuma kowane gida ya san abin da ya yarda da shi. Damuwata tana cikin aji. Na koyar da wani yaro da ya haɗa lasifika da kwali da maganaɗisun tsohuwar rediyo da batirin waya, tana kuma magana rangaɗau. Da mahaifinsa ya gani, bai ga injiniya ba, ɗan kiɗa ya gani, ya taka ta da ƙafa. Yaron ya daina zuwa ɗakin gwaji, kafin ƙarshen zango ya daina zuwa makarantar gaba ɗaya, yanzu a wani situdiyo yake kwana. Uban ya yi zaton dole ɗansa ya zaɓi ɗaya, ɗan ma haka ya ɗauka, ya kuwa zaɓa. Shirin da ya nuna ƙwaya da gawa kawai yana ƙara wa irin wannan uba tsoro ne, shi kuma yaron shirin ba ya nuna masa cewa wanda ya fi shi iya kiɗa bai raina aji ba.

Don haka ina roƙon ku yi kashi na biyu. Ku gayyato malamin fiziks daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu tare da malamin fiƙihu, su yi wa mutane bayanin alfijirin nan biyu da abin da May ya auna. Ku sa wakilinku na Nijar ya nemi Mdou Moctar ko mutanen ƙauyukan da suke shan ruwan rijiyoyinsa. Idan da hali ku sa shirin bayan sallar isha'i, lokacin da iyaye maza suka dawo gida.

Allah ya ƙara basira, ya taimaki aikinku.

Naku,
Wani malamin kimiyya,
Zariya, Jihar Kaduna.