Zuwa ga sabon madugu

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na san na yi shiru, amma kai ma ba ka da bakin magana, don da ba a ɗora maka jan ragamar tafiyar kulob ba, da har yau ban ji ɗuriyarka ba. Wai kai ne madugu! Kai da in ka murɗa totur kake mantawa da cewa babur na da madubi. Waɗanda suka zaɓe ka, ko dai ba su san ka ba, ko kuma sun gaji da bin ƙurarka ne suka ce bari su ɗaure ka a gaba.

To, tunda ka tambaya yadda ake jan ayarin babura, ka saurara. Ranar nan ba taka ba ce. Gudun ayari gudun wanda ya fi kowa rauni ne, kuma ba za ka san halin da yake ciki ba sai ta madubi.

Kafin komai, ka bi hanyar da kanka, kwana biyu ko uku kafin ranar, a irin lokacin da za ku bi ta. Taswirar waya ba za ta gaya maka kwanar da ruwa ya tara wa tsakuwa ba, ko inda tarakta ke fitowa daga gona tana zubar da laka a kan kwalta, ko gidan man da ya rufe. Ka rubuta kowace mararraba a takarda ka manna a tanki, don a karkara waya na iya rasa sabis. Nisa kuwa, kada ka wuce kilomita 200 zuwa 250. Na san kai kaɗai kana cinye wannan kafin rana ta take, amma da ayari, in ka haɗa da tsayuwa, ka yi lissafi a kan kilomita 50 a awa. Shan mai ka auna shi da tankin da ya fi ƙanƙanta a cikinku, ba naka ba, ka sa tsayuwar tun da sauran kashi ɗaya bisa uku a cikinsa. Babur goma a gidan mai kuwa sai su ci maka rabin awa, don dole a sami mai neman safar hannunsa bayan kowa ya tayar. Ka san wanda nake nufi. Yana nan da halinsa?

Ka ce ku goma sha huɗu ne. Sun yi yawa a layi ɗaya. Ka raba su biyu, bakwai-bakwai, kowane rukuni da jagoransa da mai rufe masa baya, a bar minti biyar tsakani. Dalilin shi ne ayari kamar roba yake. Kai ka fita daga mararraba ka ba da wuta, na biyu ya ɗan jinkirta, na uku ya ƙara, kafin a zo kan na ƙarshe an bar shi da tazara mai tsawo, sai ya zuba gudun da ya fi naka nesa ba kusa ba don ya kamo ku. A nan ake faɗuwa, kuma sai a ce laifinsa ne, alhali na gaba ne ya jawo. Saboda haka bayan kowace mararraba ko ƙauye, ka riƙe gudu ƙasa-ƙasa har sai ka ga fitilar mai rufe baya a madubi, sannan ka ƙara a hankali.

Mai rufe bayan nan, kada ka ba wa wanda ya ga dama. Wanda ya fi kowa ƙwarewa da sanyin rai shi ya dace, ya san hanyar kamar kai, ya sa riga mai ƙyalli don a gane shi daga nesa. Shi zai riƙe kayan faci, ƙaramin famfo, sifanu, fiyus, igiya da akwatin agajin gaggawa. Ba ya wuce kowa, kuma in wani ya tsaya, shi ma ya tsaya. Sababbin shiga ka sa su dab da kai, masu zafin hannu can baya. Mutane na ganin kamar akasin haka ne daidai, amma wurin da gudu ya fi daidaituwa shi ne bayan madugu.

A miƙaƙƙiyar hanya ku jeru a karkace. Kai ka kama gefen hannunku da ke kusa da layin tsakiya, na biyu ya kama ɗaya gefen, daƙiƙa ɗaya a bayanka, na uku ya dawo layinka, daƙiƙa biyu a bayanka, haka har ƙarshe. Kada ka raina daƙiƙa biyun nan. A gudun kilomita 80 a awa, babur na cin kusan mita 22 a daƙiƙa, ka ga tazarar ta kai mita 44, kuma ita ce duk abin da ke tsakanin mutum da tayar na gabansa in an taka birki ba zato. Amma da kun shiga kwane-kwane, ko hanya ta tsuke, ko kwalta ta lalace, sai a koma layi ɗaya, kowa ya sami faɗin hannu gaba ɗaya ya zaɓi inda zai sa tayarsa. A hanyar karkara, gaskiya, rabin yinin ma a layi ɗaya za ku yi shi. Babu jerawa kafaɗa da kafaɗa, ko da mutum biyu na da hirar da ba ta ƙarewa.

Af, na ji ɗan autanku ya sayar da jan babur ɗin nan da ya rantse ba zai rabu da shi ba har abada. Ashe abadan nasa wata takwas ce. Ka ce masa ina jiran bayani, kuma har yanzu sifanata mai lamba 12 tana hannunsa.

Mu koma kan mararraba, don a nan ayari ke tsinkewa. Akwai dabara mai sauƙi. Duk inda za ka karya, ka nuna wa wanda ke binka wuri mai aminci ya tsaya, inda na baya za su hango shi kuma mota ba za ta kwashe shi ba. Shi zai yi ta nuna hanya da hannu har sai mai rufe baya ya iso, sannan ya shiga gabansa. Amfaninta, babu wanda zai yi gudun tsoron ɓata. Inda take lalacewa guda ɗaya ne: mai tsaron ya ƙosa ya tafi kafin na ƙarshe ya zo. Ka faɗa musu ko minti ashirin ne ya jira, don jinkiri na nufin wani abu ya faru a baya. In za ka yi wannan, kada ka sa sabon shiga tsaron mararraba, ka sa ƙwararre tsakaninka da su.

Duk wannan ka faɗe shi da safe, minti goma, kafin a tayar da inji, kowa ya cire hular kwano don ya ji. A zo da cikakken tanki, ba a zo a ce bari in sha mai ba. A duba iskar taya tun tana sanyi, a duba birki, fitila, baƙin mai da sakin sarƙa. Ka gwada musu alamu da hannun hagu, tunda dama na kan totur: yatsa ɗaya sama, layi ɗaya; yatsa biyu, a karkace; tafin hannu yana lilo ƙasa, a rage gudu; nuna tanki, mai ya yi ƙasa. Rami ko tsakuwa ta hagu a nuna da hannu, ta dama a nuna da ƙafa, kuma kowa ya miƙa alamar ga na bayansa. Ka karɓi lambar wanda za a kira in wani abu ya sami mutum.

Shan gaban mota ɗaya bayan ɗaya ne, kowa da idonsa, ba wai don na gaba ya wuce ba. Kai kuma in ka wuce, kada ka saki totur nan take, ka ba da fili ga masu shigowa bayanka. Tarakta kuwa ka yi mata haƙuri, don takan karya cikin gona ba sigina. Dabba ɗaya ta tsallaka, ka ɗauka akwai ta biyu. Kuma ka tuna wa sababbin cewa babur na bin ido: wanda ya ƙura wa rami ido, cikinsa zai faɗa, sai ya kalli inda yake son fita.

In tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, mutum biyu su tare hanya gaba da baya, ɗaya ya kira agaji, sauran su kai baburansu gefe. Kada a cire wa wanda ya faɗi hular kwano sai in numfashinsa ne ya tsaya, kada a ja shi sai in wurin da yake kwance ya fi haɗari.

Ku huta duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi, a sha ruwa. Ka lura da su bayan cin abincin rana, lokacin ne ido ke nauyi tazara ta fara wargajewa. Ka tsara dawowa da sauran rana, musamman in hanyar gida ta fuskanci yamma.

Kamar ka tambaye ni wani abu game da tayoyin da kake son saye, ko? Wasiƙar taka ba ta kusa, sai a ta gaba. Ka gaida uwargida, ka ce mata ta goge maka madubi a daren ranar. Ka aiko da hoto, amma na waɗanda suka iso, a ƙirga a ga sun cika goma sha huɗu.

Naka har kullum.