Mandela bai sayar da kowa ba

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma na daɗe ina bin shirinku na tarihin Afirka. A shirin makon jiya wani matashi ya bugo waya ya ce wai Nelson Mandela na Afirka ta Kudu ya sayar da baƙar fata a teburin sulhun kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, ya karɓi kujera ya bar wa Turawa dukiya. Maganar ta tsaya mini a rai, domin ina cikin ma'aikatan da aka yanki wani abu daga albashinsu a ƙarshen shekarun 1970 don tallafa wa 'yan gwagwarmayar kudancin Afirka, kuma da zuciya ɗaya muka bayar.

Wanda bai ga zamanin ba zai ɗauka shan shayi aka zauna yi daga fitowar Mandela daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairu 1990 har zuwa zaɓen 27 ga Afrilu 1994. Wallahi ana tattaunawa ne ana binne gawawwaki. Sojoji da 'yan sanda da baitulmali duk suna hannun gwamnatin farar fata ta Shugaba de Klerk, kuma ba a fagen daga aka ci ta ba. Takunkumi da yajin aiki da boren unguwanni ne suka jawo ta kan tebur, bindigarta tana kafaɗa. A watan Yuni 1992 aka kashe mutum 45 a unguwar baƙar fata ta Boipatong cikin dare ɗaya, jam'iyyar Mandela ta ANC ta fice daga taron sulhu na CODESA, sai da Cyril Ramaphosa na ANC da Roelf Meyer na gwamnati suka yi ta ganawa a bayan fage kafin magana ta sake ɗorewa.

Ranar da ba na mantawa ita ce 10 ga Afrilu 1993, da aka harbe Chris Hani, ɗaya daga cikin manyan jagororin gwagwarmaya, a ƙofar gidansa. Muna zaune a ƙofar gida mun kewaye rediyo, wani abokina ya dafe kai ya ce shi ke nan, ƙasar nan ta kama da wuta. Mandela, wanda a lokacin ba shi da ko muƙamin kansila, shi ya fito a talabijin ya lallashi jama'a. Ya tuna musu cewa farar fata ne ya yi kisan, kuma wata maƙwabciya farar fata ce ta ɗauki lambar motar har aka kama shi. Bayan wannan ne aka tsayar da ranar zaɓe. Shin wanda ya sayar da mutanensa za su ji maganarsa a rana irin wannan?

An ba da abubuwa kam, ba na musu. Joe Slovo, jigo a ANC kuma ɗan kwaminisanci na gani kashe ni, shi ya kawo shawarar a yi gwamnatin haɗin gwiwa ta shekara biyar, a kuma bar tsofaffin ma'aikata a bakin aikinsu. Abin da aka karɓo kuwa shi ne ƙuri'a ɗaya ga kowane mutum, wadda National Party, jam'iyyar farar fata mai mulki, ta yi shekaru tana rantsuwar ba za a gani ba. Ko jam'iyyar Inkatha, abokiyar hamayyar ANC, sai ana saura mako guda ta yarda ta shiga zaɓe, har sai da aka bi takardun ƙuri'a ana manna sunanta a ƙasa. ANC ta samu kashi 62.6 cikin ɗari.

Inda matashin ya yi gaskiya shi ne maganar ƙasar noma. Dokar 1913 da ta 1936 sun killace mafi rinjayen jama'a a cikin kusan kashi 13 cikin ɗari na ƙasar, kuma har yau wannan miki bai warke ba. Sai dai ANC ta yi shekara talatin tana riƙe da rinjaye a majalisa, daga 1994 zuwa 2024. Mandela shekara biyar kacal ya yi ya sauka. Waɗanda suka biyo baya su ya kamata a tsare da tambaya.

Ina roƙo, ranka ya daɗe, ku ware shiri guda a kan batun gonakin, ku gayyato masani, ku kuma sake ba wa yaron nan dama ya bugo. Zan kasa kunne in Allah ya kai mu.

Naku mai sauraro,
daga Zariya.