Sanarwa kan tace saƙonni a rukuninmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da kasuwa.

Manhajar da muka saka a Telegram tana goge duk saƙon da ke ɗauke da linki ko lambar asusu, kuma ƴan damfara sun ragu, Alhamdulillahi. Sai dai har sanarwar taimakon mara lafiya ta share, habaici kuwa ta bar shi yana yawo tunda babu ashar a ciki.

Za mu zauna ranar Asabar bayan La'asar a shagon shugaba, Kantin Kwari, mu zaɓi mutum 3 masu bin bayanta suna dubawa. Kowa ya zo da sunan wanda ya amince da shi. Kafin nan, mai sanarwar gudummawa ya tura wa admin kai tsaye.

Allah ya bar zumunci.