Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 ga 'Yan Ƙungiyar Mazauna Unguwarmu, Jos

Iyayenmu, shugabanni da 'yan'uwa, assalamu alaikum.

Yashe kwata da biyan 'yan sintiri sun tafi kamar yadda aka saba, ma'aji zai kawo lissafinsu. Abin da ya fi cin lokacinmu bana shi ne kaska.

Maganar ta taso ne daga ɗan wani maƙwabcinmu da ya yi kwanaki yana zazzaɓi, an ba shi maganin maleriya amma shiru. Sai da mahaifiyarsa ta ga wani baƙin ɓawo a bayan gwiwarsa, ta tuna a nan aka cire masa kaska, sannan likita ya sauya magani, Allah ya ba shi lafiya. Irin wannan zazzaɓin yana jin magani in an gane shi. Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne zazzaɓin Kirimiya-Kongo mai sa zubar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu, kuma dabbar da ke ɗauke da shi lafiya lau za ka gan ta. Ana ɗaukarsa ta cizon kaska, ko ta jinin dabba wajen yanka da fiɗa.

Babbar Sallah ta faɗo 6 ga Yuni, damina ta kankama, ciyawa ta tashi, raguna kuma suna ta shigowa daga Kara ta Bukuru. Saboda haka muka gayyato likitan dabbobi kafin Sallah. Gaskiya mu da ke kusa da Vom, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi take tun 1924, mun makara da wannan.

A gabanmu ya ɗaga wutsiyar wani rago da maigidansa ya rantse tsaf yake. Ga su nan reras, ɗaya ta sha jini ta kumbura kamar ƙwayar gyaɗa. Ya duba kunne, hammata da tsakanin kofato. Baba ɗaya daga cikin dattawanmu ya miƙa hannu zai fasa ta da farce, likitan ya riƙe shi ya ce, "Baba, a yi haƙuri, cutar tana cikin jinin nan." Ya sa hantsaki ya kama ta dab da fata, ya ja a hankali ba murɗawa, ya wanke wurin da sabulu. Ya hana ɗiga mata kananzir ko ƙona ta da ashana. Wannan fasawa da farce ita ce ta fi wuyar bari, domin da ita muka tashi, ni ma har da ni.

An yi wa dabbobi wanka da maganin kaska, tare da kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin yanka. Muna roƙo, don Allah, kada a sake zuba wa dabba maganin feshin gona. Mun yi asarar akuya a wani gida ta haka.

Masu karnuka sun ji cewa kaskar kare a tsagar bango take ɓoyewa, mace ɗaya kan saki dubban ƙwai, don haka wanke kare kaɗai ba ya raba gida da ita. Gidaje da dama sun shafe tsagogin da siminti. Iyaye mata kuwa sun riƙe duba yara da yamma, kai da bayan kunne da cinyoyi, kuma su ne suka fi kowa cika alkawari.

Inda muka gaza shi ne kangon da ke bayan layinmu. Sau ɗaya muka share shi, ciyawa ta dawo, awaki na kiwo, yara na ƙwallo a ciki. Muna neman izininku a ware kuɗi daga asusu don a riƙa nome shi duk wata, daga Afrilu zuwa Oktoba. Za a kaɗa ƙuri'a a kai bayan bayanin ma'aji.

Sakataren Ƙungiya