Ku daina tallata mana ƙauye kamar hajar kasuwa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Shirinku na daren Lahadi ya hana ni barci. Baƙon nan naku ya zauna cikin sanyin na'ura yana ta zuba wai duk wanda hayaniyar Ƙofar Ƙaura da cunkoson Ƙofar Ƙwaya a birnin Katsina suka ishe shi, ya fito ƙauyukan gefen gari ya sayi fuloti, ga iska, ga shiru, ga araha. Mai gabatarwa kuwa sai "ƙwarai kuwa, Alhaji" yake yi. Har shirin ya ƙare ba ku kira manomi ko ɗaya ba. To, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni a ƙauye nake, cikin ƙaramar hukumar Batagarawa, nan aka binne cibiyata. Shirun da Alhajin yake kwaɗaita wa mutane, ya zo ya nuna mini inda yake. Tun kafin a kira assalatu tifofin yashi ke fara ratsa mu, sun rarake rafin da muke ban-ruwan albasa, yanzu damina na sauka sai zaizaya ta ci bakin gonaki. Gonar baffana, wadda ke ba shi gero da wake ya ci har kaka ta zagayo, ga wata tsohuwar kuka a tsakiyarta da mata ke tsinkar ganyen miya, dillalai suka yi ta masa zarya har ya sallama. Awon igiya suka yi mata, suka yanka ta gutsi-gutsi, ba hanya, ba magudanar ruwa. Kukar aka fara sarewa. Yau in ka je, harsashin gini ne birjik, bulo jeri uku ko huɗu an watsar, masu su na cikin birni suna jiran farashi ya tashi. Kuɗin kuwa bai shekara biyu a hannun baffan nawa ba: aure ɗaya, babur ɗaya, jinya ɗaya. Dattijon da ke da rumbu yanzu tiya yake awo a kasuwa.

Burtalin da shanu ke bi ma an gine shi, sai rigima tsakanin makiyayi da mai gona kullum a ƙofar mai gari.

Kuma da Alhajin ya ce ai in gwamnati ce ta karɓi gona tana biyan diyya, me ya hana ku tambaye shi diyyar me? Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, abin da ake biyan manomi shi ne amfanin gona da itatuwa da gini, ba ƙasar kanta ba. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 gari ke tafowa kanmu, musamman ta hanyar Dutsin-Ma inda jami'a take. Ba mu ƙi ci gaba ba, yaranmu ma can suke karatu. Amma madatsar ruwa ta Ajiwa a ƙaramar hukumarmu take, ruwanta birni yake tafiya, mu kuwa jarka muke saye wurin 'yan ga-ruwa. Kusancin ma da ake yabo, tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗin acaɓa zuwa gari da dawowa ya kusa cinye ribar mai kai kwandon tumatir.

Sannan don Allah, tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa bayan labaran yamma, kalaman da ke ciki ba na jin yara ba ne. Muna cin tuwo da iyali a tsakar gida, sai na yi wuf na rage murya. Ku mayar da shi can cikin dare ko ku cire shi.

In za ku sake shirin, ku turo wakilinku ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, zai tarar da mu a gindin dalbejiya.

Naku mai sauraro,
wani manomi daga Batagarawa, Jihar Katsina