Ɗana, wannan tarin naka

Ɗana, tun jiya da muka yi waya ban runtsa ba, kana magana kana tsayawa ka ja numfashi kamar wanda ya hau bene da gudu, kuma wai kace min mura ce. Ni na haife ka fa. Ƙanwarka ta faɗa min wata huɗu kenan baka je karɓar maganinka na HIV ba. Ba faɗa zan maka ba, ka dai saurare ni.

Ka tuna bayanin da likita ya mana ranar da ina zaune bakin gadonka, mai lafiya CD4 ɗinsa, wato adadin ƙwayoyin jinin da ke kare jiki daga cuta, daga 500 ne zuwa sama, in ya faɗo ƙasa da 200 to garkuwar jiki ta karye, ƙwayoyin cutar da kowa ke shaƙa ya wuce lafiya lau kai sai su samu wajen zama a huhunka. Kuma ba iri ɗaya bane, shi yasa siyan maganin tari a kemis ɓata lokaci ne kawai.

Babba a cikinsu tarin fuka, wato tibi, shi yafi kashe masu cutar nan a duk duniya. Yana iya kwanciya a jikin mutum shekaru shiru, sai garkuwa tayi rauni ya miƙe, ga gumin dare har filo ya jiƙe, ga rama, wani lokacin jini a kaki. Akwai nimoniya ta bakteriya, ita dare ɗaya take kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Amma wadda tafi tsorata ni ita ce PCP, ita ma wata irin nimoniya ce, ƙwayar cutar fangas ce ke kawo ta, a hankali take shigowa sati biyu uku, busasshen tari ba kaki, ɗan tafiya kaɗan sai haki. Wallahi irin abinda naji a muryarka kenan. Ita ce ma aka gani a jikin wasu samari biyar a Amurka a 1981 tun kafin a san sunan cutar ƙanjamau. Septrin ɗin nan da kake rainawa, don kare ka daga ita aka baka shi. Ita kuma sigari kasan ra'ayina, ƙara rauni take ma huhun.

Dan Allah gobe da sassafe kaje asibiti a gwada kakinka, a ɗauki hoton ƙirji, a auna CD4, kuma ka faɗa musu gaskiya cewa ka daina shan magani, sun saba ji. In kunya kake ji ka kira ni mu shiga tare.

Mahaifiyarka